Mene ne saj birek, kuma me ya sa tirelar jirgin ruwa take ƙin yin ribas?

Saj birek birki ne na tirela wanda ba ruwan shi da ƙafar direba, ba wata waya ko tiyo da ta taso daga fedar birkin motarka zuwa gare shi. Nauyin tirelar ne da kanshi yake taka shi. A gaban tirelar, daidai bakin da ake maƙalawa a ƙwallon bayan mota, akwai wani ƙarfe mai shiga da fita kamar aljihun tebur, a cikin shi kuma akwai masta, wato famfon da yake tura man birki, irin ta mota da ɗan tankin man birki. In ka taka birki motarka ta rage gudu, ita tirelar bata san an rage ba sai ta taho ta tunkuɗo motar, wannan tunkuɗar ce take danna masta, masta ta tura mai ta cikin fayif zuwa tayoyi, birki ya kama. In ka taka da ƙarfi ya kama da ƙarfi, in a hankali a hankali, da ka ja gaba kuma ƙarfen ya miƙe ya saki. Shikenan aikin shi.

A nan Kaduna ba kowa ke da tirelar jirgin ruwa ba gaskiya, sai masu kai jirgi mai inji dam ɗin Kangimi ko su wuce har Shiroro a jihar Neja, da masu aikin ceto lokacin da kogin Kaduna ya cika ya tumbatsa wajen watan Agusta da Satumba. Amma irin wannan birkin zaka gan shi a tirelar janareto babba da ta kwamfuresa da ake ja zuwa wajen aikin titi ko gini, don haka bakanike da yawa sun taɓa cin karo da shi ko da basu san sunan shi ba. Dalilin da yasa aka fi sa shi a tirelar jirgi kuwa shine ita wannan tirelar dole sai an tsoma bayanta cikin ruwa kafin a sauke jirgin, birkin lantarki kuma basa shiri da ruwa, shi wannan mai ne kawai da ƙarfe.

Toh matsalar da ta fi tada ma mutane hankali itace ribas. Mutum ya sa giyar baya zai shigar da tirela gida ko zai juya, sai yaji tayoyin sun ƙame, mota na kuka tirela taƙi motsi, barin ma in akwai ɗan hawa ko yashi ko ƙafar ta haɗu da dakali. Nan take sai ace birki ya lalace. Wallahi mafi yawan lokaci lafiyar shi lau. Ka duba mana, in kana ribas ai motar ce take tura tirelar, shi kuma ƙarfen gaban nan bai san bambanci tsakanin tirela ta turo mota da mota ta turo tirela ba, duk dannawa ce a wajen shi, sai ya kama. Masu ƙera shi sun san da haka shi yasa kowanne yake zuwa da hanyar kashe shi na ɗan lokaci.

Waɗanda birkin su na faifai ne mai kalifa, yawanci akwai solonoid, wato ɗan bawul mai aiki da wuta, a bayan masta, wanda da zarar wutar ribas ta motarka ta kawo sai ya hana man zuwa tayoyi. Tirelolin da suke zuwa daga Amurka zaka ga soket ɗin su shafaffe ne mai baki 5, na biyar ɗin shuɗiyar waya ce, itace ta solonoid. Abin da ke faruwa a nan shine motar da za'a ja da ita bata da wannan soket ɗin, sai riwaya ya haɗa wayoyi 4 na fitila da sigina ya bar shuɗiyar tana reto ko ya naɗe ta da tef don bai ga fitilar da take kunnawa ba. Gyaran bai da wuya ko kaɗan, a jona ta da wayar fitilar ribas ta mota. In kana so ka gane ko solonoid ɗin yana da rai, ka bashi wutar batir mai bolt 12 kai tsaye a shuɗiyar wayar, zakaji yayi ƙas. In baiyi ba kada ka yi saurin cewa ya mutu, fara duba farar wayar at, wato ta negetif, da inda aka ɗaure ta a jikin tirelar, tsatsa a wajen nan ta sha sa mutane sayen abin da basu buƙata.

Masu birkin ganga mai shu a ciki, wato takalmin birki da yake goga ganga, wasu an yi su ne yadda in taya na juyawa baya shu ɗin baya kamawa sosai, su basu cika bada wahala ba. Sannan akwai kashewa da hannu, wani ɗan ƙarfe ne kamar makulli da ake cusawa a gefe ya hana bakin shigewa ciki, wasu kuma liba ce ake juyawa, ya danganta da kamfanin. Ka sa, ka yi ribas ɗinka, ka cire kafin ka hau titi.

Wannan cirewar itace abin da nake so a riƙe da kyau. Saboda abin da aka saba yi in tirela ta dami mutum shine a kira mai walda ya like ƙarfen gaba ɗaya, ko a zura babban noti a ɗaure tamau, ko a toshe fayif ɗin mai, sai ace "Alhaji an gama, yanzu ba zata sake ƙi ba". Eh ba zata sake ƙi ba, amma yanzu bata da birki kwata-kwata. Jirgi da injin shi da mai da ita kanta tirelar nauyi ne babba, duk ya koma kan birkin motarka kaɗai. A Ingila da ƙasashen Turai doka bata yarda a ja tirelar da nauyinta da kaya ya wuce kilo 750 ba tare da birkin kanta ba, a jihohin Amurka da yawa iyakar fam 3,000 ce, wajen kilo 1,360 kenan. Ka ɗauka kana kan hanyar Zariya da damina titi a jiƙe, wani ya yanko maka a Maraban Jos ka taka birki da ƙarfi, tirelar da bata da birki zata iya turo bayan motar ta juya ta gefe, kuma a lokacin sitiyari baya jin magana. Ina roƙon duk mai irin wannan tirelar da Allah kada ya yarda a yi mishi wannan waldar.

In kuma gaba kake tafiya amma tayoyin a riƙe suke, fara duba ƴar igiyar ƙarfen nan siririya da ake maƙalawa a mota. Aikinta shine in tirela ta tsinke daga mota a hanya ta fizgi liba birki ya kama. Wani lokaci kwana mai tsanani ko wani ya taka ta sai ta fizgu, kuma ba zai saki ba sai an mayar da libar da hannu. In ba ita bace toh tsatsa ce, tirela ta shiga ruwa an kawo ta an ajiye wata da watanni, shu ya manne da ganga ko fistin ɗin kalifa ya cije. A ɗaga da jak a juya kowace taya da hannu, wadda taƙi juyawa ita za'a buɗe. Tiyon roba da ya tsufa shima yana iya kumbura ta ciki, mai ya tafi ya kasa dawowa.

Akasin haka kuma shine birkin baya kamawa sam, kana taka birki kaji tirelar ta bugo motar gaf, in ka tashi kaji ta sake fizga. Buɗe murfin tankin ka leƙa. Sau da yawa zaka tarar babu mai, ko ya koma ruwan ƙasa kamar shayi saboda man birki yana shan danshi. DOT 3 ko DOT 4 ake sawa, ka duba abin da aka rubuta a murfin, kada a haɗa da DOT 5 don shi na silikon ne basa gauraya, kuma don Allah kada a zuba man inji ko na giya, robobin ciki zasu kumbura su lalace. Bayan an zuba sai a fitar da iska, mutum ɗaya yana danna masta da dogon sukundireba ɗaya yana buɗe nonon bilidin, wato ɗan notin fitar da iska na bayan taya, a fara da tayar da tafi nisa. In mai ya cika iska ta fita amma bugun bai daina ba, akwai ɗan shokozoba a cikin bakin tirelar, shine ya gaji.

Wani abu da ake mantawa, tirelolin da suka zo daga Turai nasu ba mai bane, sanda ce da kebul suke ja, kuma yawancinsu suna sakin kansu a ribas, don haka kada ka je kana neman tankin man da babu shi. Ƙwallon su ma milimita 50 ne, na Amurka da aka fi gani inci 2 ne wato milimita 50.8, a ido kamar ɗaya suke amma in ka ɗora bakin inci 2 a kan ƙwallon 50 zai riƙa wasa, in zaka nema a kasuwar Panteka ka tafi da awon da aka buga a jikin bakin. Bayan kowane gyara kuma ka ja ta ɗan nisa kaɗan ka tsaya ka kai hannu kusa da tsakiyar kowane rim, in ɗaya yafi sauran zafi sosai toh ko birkin wajen yana goga ko boris ya rasa giris, a duba shi tun a nan cikin gari kafin a ɗauki hanyar dam.