Kalmomin Turanci da suka fito daga sunayen mutane da garuruwa

A Turanci akwai rukunin kalmomi da asalinsu sunan mutum ne ko na gari, har yawan amfani ya sa aka manta da mai sunan. Masana harshe suna kiran irin wannan kalma "eponym", daga Girkanci. Alamar da ke nuna suna ya gama rikiɗa ita ce a daina fara shi da babban baƙi, a riƙa rubuta shi kamar kowace kalma. Hausawa ma sun san irin wannan, tun da suna kiran takardar naira ashirin Murtala saboda hoton da ke jikinta. Sai dai a Turanci, da yawa cikin masu sunan ba karramawa aka yi musu ba.

Babu misalin da ya kai "boycott", wato ƙauracewa. Charles Boycott tsohon kyaftin ne na sojan Birtaniya, wanda ke karɓar wa wani mai filaye, Lord Erne, kuɗin hayar gonaki a yankin Mayo na ƙasar Ireland. A 1880 amfanin gona ya yi ƙaranci, manoma suka nemi ragi mai tsoka, aka ƙi, Boycott ya shiga shirin korar wasu daga cikinsu. A lokacin ne Charles Stewart Parnell, shugaban ƙungiyar da ke fafutukar haƙƙin manoma, ya shawarci jama'a kada su taɓa kowa, su dai juya wa duk wanda ya ci amanarsu baya. A kan Boycott aka fara gwada shawarar. 'Yan ƙodago suka bar masa gona, masu kanti suka ƙi sayar masa da kaya, har wasiƙa aka daina kai masa. Sai da aka kawo 'yan sa-kai kimanin 50 daga arewacin Ireland suka yi masa girbi, sojoji da 'yan sanda wajen 1,000 suna gadinsu, kuɗin gadin ya ninka darajar amfanin sau da yawa. Kafin shekarar ta ƙare ya bar Ireland, jaridun Landan kuwa sun riga sun mayar da sunansa aikatau. Faransanci da Jamusanci duk sun ari kalmar.

Shi Boycott za a iya cewa ya girbi abin da ya shuka. Likitan Faransa Joseph-Ignace Guillotin laifin wani aka ɗora masa. A 1789 ya nemi majalisa ta sa a riƙa zartar da hukuncin kisa ta hanya guda mai sauri ga kowa, talaka da basarake. Na'urar sare kan kuwa wani likita, Antoine Louis, ya tsara ta, wani Bajamushe mai ƙera kayan kiɗa, Tobias Schmidt, ya haɗa ta, aka fara amfani da ita a 1792. Da farko har ana kiranta da sunan Louis, amma "guillotine" ne ya zauna. Labarin da ake yaɗawa cewa da ita aka kashe Guillotin ba gaskiya ba ne. Ya mutu a 1814, ajali ne kawai.

"Sandwich", burodin da ake tsagawa a sa nama ko ƙwai a tsakiya, sunan sarautar John Montagu ne, Earl na huɗu na Sandwich, wani gari a gundumar Kent ta Ingila. Kalmar ta bayyana a rubuce tun 1762. An fi jin cewa ɗan caca ne da ba ya son tashi daga tebur, amma wani masanin tarihinsa ya fi karkata ga cewa teburin ofis ne, domin mutumin ya daɗe yana shugabantar ma'aikatar sojan ruwa. Da sunansa Kyaftin James Cook ya kira tsibiran Hawaii a 1778. Wannan suna ya ɓace, na burodin ya tsira.

Wasu sun fi gajarta. "Nicotine", sinadarin da ke cikin taba, daga Jean Nicot ne, jakadan Faransa a Fotugal da ya aika taba zuwa fadar ƙasarsa wajen 1560. "Maverick", mutumin da ba ya bin ayari, daga Samuel Maverick na Texas ne, wanda ya bar shanunsa ba tare da yi musu shaida da ƙarfe mai zafi ba. "Algorithm", wato jerin matakan warware matsala da masu kwamfuta ke ambata kullum, sunan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ne, masanin lissafi na Bagadaza a ƙarni na 9, bayan masu fassara zuwa Latin sun lanƙwasa shi. Shi kansa laƙabin nasa daga ƙasar Khwarizm yake, a tsakiyar Asiya. Yadin "denim" an fi danganta shi da birnin Nîmes na Faransa, "jeans" kuma da yadda Faransawa ke kiran birnin Genoa na Italiya.

Kaɗan daga cikin irin waɗannan kalmomi sun iso Hausa. Man dizal na ɗauke da sunan Rudolf Diesel, injiniyan Jamus da injinsa ya fara aiki sosai a 1897, wanda ya ɓace daga jirgin ruwa a kan hanyarsa ta zuwa Ingila a 1913. Biro sunan László Bíró ne, ɗan jarida daga Hungary da ya yi rajistar alƙalaminsa a 1938, sannan ya koma Ajantina. Turawan Ingila ne suke kiran alƙalamin da sunansa, Amurkawa ba sa yi, kuma daga Turancin Ingila kalmar ta shigo makarantunmu.

Dala ta fi su doguwar tafiya. A wajen 1520 aka fara buga tsabar azurfa a wani kwari mai suna Joachimsthal a Bohemia, cikin Jamhuriyar Czech ta yanzu. Tsabar ta ɗauki sunan kwarin, aka taƙaita shi zuwa "thaler", mutanen Holan suka ce "daalder", Turawan Ingila suka ce "dollar". Amurka ta zaɓi sunan ga kuɗinta a 1785. Amma Hausawa sun san dala tun kafin su san kuɗin Amurka: tsabar azurfa ta Ostiriya mai hoton Sarauniya Maria Theresa, wadda ake buga wa shekarar 1780, ta yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa a ƙarni na 19. A zamanin Turawa sunan ya koma kan tsabar sule biyu. A Nijar har yau dala na nufin sefa biyar, shi ya sa mai ciniki a kasuwar Maraɗi idan ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi.