Ƙananan jiragen farmaki a wasannin yaƙin sararin samaniya

Ƙananan jiragen farmaki su ne 'yan jiragen nan da babban jirgi ke ɗauke da su a cikinsa, sai faɗa ya kaure ya sake su. Ana samunsu a wasannin yaƙin sararin samaniya na almarar kimiyya, na kan tebur da ake yi da 'yan jiragen roba da dayis, da kuma na kwamfuta.

Rabe-rabensu kusan duk aro ne daga yaƙin duniya na biyu, musamman gwabzawar Amurka da Japan a tekun Fasifik irin ta Midway a 1942, shi ya sa aikin jirgi ake dubawa kafin girmansa. A wasan tebur na Battlefleet Gothic da kamfanin Games Workshop ya fitar a 1999 kashi uku ne, masu tare abokan gaba irin su Fury, masu ruwan bama-bamai irin su Starhawk, sai Shark mai kai sojoji su faɗa cikin jirgin maƙiyi su yi ɓarna. Kuma rabon nan yana aiki sosai a kan tebur, don in alamar da ke wakiltar mai tarewa ta taɓa ta mai bama-bamai to duka biyun ake ɗaukewa, ka ga ke nan tun kafin ka saki jiragenka dole ka yi lissafin me abokin karawarka zai sako. Wasan tebur na Full Thrust kuwa shida-shida yake haɗa su a tawaga.

Sunayen kansu wasu daga siffa suke, X-wing na Star Wars fikafikansa ne ke buɗewa kamar harafin X, wasu kuma na tsuntsaye ne ko ƙwari ko makami, kamar Hornet da Rapier a Wing Commander na 1990.

Inda gardama take shi ne iyaka, wato ina ƙaramin jirgi ya tsaya ina babba ya fara, tunda can sama babu ruwa babu iska balle a ce wannan na teku ne wancan na sama. Ma'aunin da ya fi kama hankali shi ne ko jirgin zai iya dogon zango shi kaɗai ko dole ya koma wajen uwarsa. A wasan kwamfuta na Homeworld na farko, shi ma na 1999, ƙananan sai sun dawo shan mai, har da kobet da ta ɗan fi su girma. Amma fa ma'aunin bai kama kowa ba, X-wing na da injin tsallaka taurari da kansa, jirgin TIE na yau da kullum, shi ma na Star Wars, ba shi da shi, kuma aji ɗaya ake sa su.