Waiwaye: Marguerite Durand, 'yar wasan da ta kafa jaridar mata zalla a Faransa

A watan Afrilun 1896 aka yi wani babban taron mata na ƙasa da ƙasa a birnin Paris. Jaridar Le Figaro ta tura ma'aikaciyarta, Marguerite Durand, ta je ta ɗauko labari, kuma abin da ake sa rai shi ne ta dawo da rubutun da zai ba masu karatu dariya. Ta shiga zauren, ta ga ɗalibai maza suna ihu suna katse masu jawabi, ta kuma saurari abin da matan ke faɗa kan albashi, aure da doka. Daga wannan zama ra'ayinta ya juya. Kafin shekara biyu ta cika, ta kafa jaridar kanta.

An haife ta a Paris ranar 24 ga Janairun 1864. Ta yi karatun wasan kwaikwayo, ta shiga Comédie-Française, gidan wasa mafi daraja a ƙasar, a 1881. A 1888 ta bar dandali ta auri ɗan majalisa Georges Laguerre, wanda ke cikin magoya bayan Janar Boulanger, wani hafsan soja da ya yi farin jini a siyasar Faransa a lokacin. Auren bai yi ƙarko ba, amma a gidan ta koyi siyasa da aikin jarida.

Sai an san halin da matan Faransa ke ciki a lokacin kafin a gane nauyin abin da ta yi. Kundin dokar Napoleon na 1804 ya ɗauki matar aure tamkar ƙaramar yarinya a gaban shari'a: ba ta sa hannu a yarjejeniya, ba ta kai ƙara sai da izinin miji. Ko kuɗin da ta samu da gumin goshinta, doka ba ta ba ta ikon juya shi ba sai a 1907. Maganar jefa ƙuri'a kuwa ba a ma kawo ta kusa ba.

Ranar 9 ga Disamban 1897 bugun farko na jaridarta, La Fronde, ya fito. Ma'anar sunan majajjawa, makamin wanda ba shi da ƙarfin tunkarar babba da hannu. Jarida ce ta kullum, kuma mata ne ke rubuta ta, mata ke tace ta, mata ke riƙe da lissafin kuɗinta, mata ke jera haruffanta. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ɗaukar hankalina. A zamanin, mai jera haruffa tsaye take gaban akwatin ƙananan haruffan dalma, tana tsinto su ɗaya bayan ɗaya, tana jera su a juye, yatsu baƙi ƙirin da tawada. Ƙungiyar ma'aikatan ɗab'i ba ta son ganin mace a wannan aiki. Durand ta ɗauke su, ta biya su daidai da maza, ta kuma taimaka musu suka kafa ƙungiyarsu. Ga wani cikas kuma: dokar 1892 ta hana mata aikin dare a masana'antu, alhali jaridar safe da dare ake haɗa ta. Har gaban shari'a aka kai ta kan haka. Dokar da aka ce an yi don kare mata, ita ce ke raba su da abincinsu.

Mutane sun zaci jaridar girki da kwalliya za su gani. Sai ga rahoton majalisa, ga farashin kasuwar hannayen jari, ga labarin kotu. Dole ta sa aka buɗe wa wakilanta ƙofofin da ba a saba barin 'yar jarida ta shiga ba. Lokacin rikicin Kyaftin Alfred Dreyfus, sojan nan Bayahude da aka yi wa ƙazafin cin amanar ƙasa, La Fronde ta tsaya a bayansa, kuma fitacciyar marubuciya Séverine ta riƙa aiko da rahoto daga zaman shari'ar. A 1900 doka ta yarda mata su zama lauyoyi, abin da jaridar ta daɗe tana nema.

Ba komai nata ne abin yabo ba. A 1901 ma'aikatan ɗab'in kamfanin Berger-Levrault da ke Nancy suka shiga yajin aiki, aka kai mata daga ƙungiyar da ta kafa suka maye gurbinsu. Hujjarta ita ce, mazan da suka ƙi karɓar mata a ƙungiyarsu ba su da bakin neman goyon bayansu. Akwai gaskiya a ciki, amma a ganina karya yajin talaka ba ƙaramin tabo ba ne, kuma 'yan ƙwadago sun daɗe ba su yafe mata ba.

Kuɗi ya ci ƙarfin jaridar. A 1903 ta koma fita wata-wata, a 1905 ta tsaya. Durand ba ta zauna ba: a 1910 ta fito takarar majalisa a Paris, tana sane da cewa doka ba za ta ƙirga ta ba. Majalisar wakilai ta amince da ƙuri'ar mata a 1919, dattawa suka yi watsi da batun a 1922. Sai ranar 21 ga Afrilun 1944 aka ba matan Faransa wannan 'yanci, suka fara zaɓe a 1945. A Nijar da sauran ƙasashen da Faransa ke mulka a Afirka ta Yamma, sai dokar 1956 ce ta buɗe akwatin zaɓe ga kowa da kowa, mace da namiji.

Ita dai Durand ba ta ga ranar da matan Faransa suka jefa ƙuri'a ba. Abin da ta ba ƙarshen rayuwarta shi ne takardu. Shekara da shekaru tana tara littattafai, wasiƙu, hotuna da yankakkun shafukan jaridu kan gwagwarmayar mata, ta miƙa su kyauta ga hukumar birnin Paris, aka buɗe ɗakin karatu da sunanta a 1932. A can ta ci gaba da aiki, tana jera takardu tana karɓar masu bincike, har ta rasu ranar 16 ga Maris 1936. Ɗakin karatun yana nan har yau a gunduma ta 13 ta birnin, kuma da aka yi yunƙurin ɗauke shi daga mazauninsa a 2017, mata da malaman tarihi suka fito suka ƙi, hukuma ta janye.