Waiwaye: Yadda Binciken Gigin Tsufa Ya Faro da Inda Ya Kai

A unguwannin Hausawa na Garwa da Marwa, idan tsohuwa ta fara manta sunayen jikokinta, ko ta idar da sallar azahar ta sake tayar da ita, akan ce gigin tsufa ne, a haƙura, wani lokacin ma a danganta abin da iskokai. Sai dai fiye da shekara ɗari ke nan da likitoci suka gano cewa cuta ce mai barin tabo a ƙwaƙwalwa.

A shekarar 1906 ne likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya gabatar da abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu bayan hankalinta ya gushe tun tana da shekara hamsin da 'yan kai: dunƙule-dunƙule tsakanin ƙwayoyin jijiya, da zare-zare a cukurkuɗe cikinsu. Cutar ta ɗauki sunansa, amma aka shafe kusan shekara tamanin ba a san da me aka yi waɗannan abubuwa ba. A 1984 George Glenner da Caine Wong suka ware furotin ɗin dunƙulen, wato amiloyid, sannan a 1986 aka tabbatar cewa zaren na wani furotin ne mai suna tau. Da aka gano a 1991 cewa wani gida a Ingila yana gadon cutar saboda tangarɗa a ƙwayar gadon da ke samar da amiloyid, sai akasarin kuɗin bincike ya karkata can.

Abin da ya fi shafar mu shi ne binciken da aka fara a 1992, wanda ya kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙar fata na birnin Indiyanafolis a Amurka. An samu cutar ba ta yi yawa a Ibadan kamar can ba, kuma ƙwayar gado ta APOE4, wadda ke ƙara haɗari ƙwarai ga Turawa, tasirinta bai kai haka ba ga Yarabawa. Haka kuma a 2023 aka gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar makyarkyata ta Parkinson, kuma kusan a jinin Afirka kaɗai ake samun sa. Duk da haka, mafi yawan jinin da aka yi nazari a kansa har yau na Turawa ne, kuma a ganina wannan shi ne babban giɓin fagen.

Magani kuwa ya zo a makare. Lecanemab, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, yana share amiloyid, amma ba ya warkarwa. Rage saurin lalacewar kawai yake yi da kashi 27 cikin ɗari a wata 18. Kuɗinsa dala 26,500 ne a shekara, kusan sefa miliyan 15, ga ƙarin ruwa duk bayan mako biyu, ga hoton ƙwaƙwalwa a kai a kai saboda haɗarin kumburi. Iyalin da ke neman kuɗin maganin hawan jini da ƙyar ba za su ma fara wannan lissafi ba, alhali shi hawan jinin da ciwon suga suna cikin abubuwan da ke jawo gigin, kuma ana iya shawo kansu a asibitin unguwa.

Gwajin jini mai auna tau da amiloyid, wanda Amurka ta ba wa izini a 2025, shi ne ya fi kusa da isowa Arewacin Kamaru da Chadi, domin ba ya buƙatar ɗibar ruwan laka ko babbar na'urar ɗaukar hoto.