Ma'anar tirayal, wasan babur ɗin da ake ƙirga sa ƙafa a ƙasa

Ranar Asabar na kai babur ɗina a ɗaure mini cen a wata rumfar gyara da ke wajen Ƙofar Ƙaura. Ina zaune a benci sai ɗan yayata, wanda ke koyon aiki a wurin, ya miƙo mini waya. "Kawu, don Allah duba wannan. Gaske ne ko haɗi?" Bidiyon wani Bature ne tsaye a kan siririn babur, a gindin dutsen da ya fi shi tsawo. Ya tsaya cak, ƙafafunsa biyu a kan mataki, kamar wanda ke jiran a gama gaisawa. Sai injin ya yi ƙara, kafin ka ƙifta ido yana saman dutsen, ya sake tsayawa. Maigidan rumfar ya leƙo, hannu duk baƙin mai, ya ce, "Alhaji, wannan ai akuya ce. Ina kujerar?"

Gaske ne, ba haɗi. Sunan wasan shi ne wanda Turawa ke rubutawa trial, a bakinmu tirayal, kuma asalin kalmar gwaji take nufi. Yanzu da irin bidiyoyin nan suka cika TikTok da Facebook, na lura ana cakuɗa shi da tseren babur na cikin laka, ko da wasan da samari ke yi ranar ɗaurin aure suna ɗaga tayar gaba a tsakiyar titi. Ko kusa. Tsere ana tambayar wa ya riga isa. A tirayal abin da ake ƙirgawa shi ne sau nawa ƙafarka ta taɓa ƙasa.

Ga yadda ake yi. Za a zaɓi wuri mai wuyar bi: duwatsu, kwazazzabo, cikin rafi, saiwoyin itace. A kewaye shi da zare ko tutoci, a sa ƙofar shiga da ta fita. Wannan shi ne sashe ɗaya, gasa kuma takan ƙunshi sassa da yawa. Kafin mutum ya shiga da babur, sai ya jingine shi ya taka sashen da ƙafa, yana duba inda taya za ta kama da inda za ta zame. Sannan a shiga ɗaya bayan ɗaya, alƙali na tsaye yana kallo. Wanda ya fita bai sa ƙafa ba, sifili gare shi, kuma sifilin nan shi kowa ke nema. Sa ƙafa sau ɗaya maki ɗaya, sau biyu maki biyu, sau uku ko fiye maki uku. Babu huɗu. Idan ka faɗi, ko ka tsallake zaren iyaka, ko injin ya mutu ka dafa ƙasa, biyar ke nan, ka zubar da sashen. Alƙali yakan ɗaga yatsu ya nuna maka abin da ka ci. A ƙarshen yini mai mafi ƙarancin maki shi ne gwani, wato a nan maki bashi ne. Akwai wani saɓani da masu wasan suka daɗe suna yi: wasu gasannin sun yarda ka tsaya cak, ka yi ta ɗan tsalle da babur kana gyara tsayuwa, wasu kuma da zarar taya ta daina tafiya gaba an rubuta maka biyar. Ni dai na fi son na biyun a ido, don tafiyar ta fi kama da hawan babur, amma masu son abin mamaki na farkon suke bi.

Wasan ɗan Birtaniya ne. A farkon zamanin babura, masu ƙera su na so su nuna kayansu ba ya mutuwa a muguwar hanya, shi ya sa aka kira abin gwaji. Gasar kwana shida ta Sikotilan ta fara a 1909, har yau kuma ana yin ta a duwatsun kewayen Fort William. Baburan lokacin manya ne masu nauyi. Canjin ya zo da Sammy Miller, mutumin Ireland ta Arewa, wanda ya bar babur ɗinsa ƙirar Ariel ya koma kamfanin Bultaco na Sifaniya, suka fito da Sherpa T mara nauyi, ya ci gasar Sikotilan da shi a 1965. Daga nan akalar ta koma Sifaniya, musamman yankin Kataloniya. An fara gasar duniya a 1975, Martin Lampkin ya ci ta farko, ɗansa Dougie ya ci sau bakwai a jere daga 1997 zuwa 2003. Sai Toni Bou, wanda ya karɓi kambun a 2007 a kan babur ƙirar Montesa ya riƙe shi shekara fiye da goma sha biyar ba a ƙwace ba. Akwai yiwuwar shi ne a bidiyon da ke wayarka.

Mu koma ga tambayar maigida, ina kujerar. Babu, don ba a zama. Duk wanda ya taɓa hawan sallah ya san mahayi na ƙwarai idan doki ya zabura a kan likkafa yake miƙewa, gwiwoyinsa su riƙa shanye jijjigar. To haka nan. Matakan ƙafa su ne likkafar, da su ake karkata babur hagu ko dama, hannu rakiya kawai yake yi. An sassaƙe tsakiyar babur ɗin ya zama kwari don mahayi ya samu wurin durƙusawa da miƙewa. Duk abin da ba dole ba an cire shi. Nauyinsa wajen kilo 70 ne, tankinsa bai kai lita uku ba. Injin yawanci tsakanin cc 125 da 300, akasari irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, kamar tsohuwar Vespa ko ƙaramin janareton shago. Kamfanonin GasGas da Beta da Sherco da TRS duk irin wannan suka fi yi. Montesa, wadda ke hannun Honda, ita ce ta shahara da injin mai ɗakin baƙin mai daban irin na Boxer.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne taya. Mai faci a nan yakan ɗura wa babur iska wajen talatin a ma'auninsa, ya ƙwanƙwasa da sifana ya ji ta yi tauri, ya ce shi ke nan. Ɗan tirayal tayar bayansa huɗu yake sa mata, ta gaba wajen shida. Da a ce ka kai ta wurin mai faci, cewa zai yi ta sace. Robar kuma laushi gare ta, kana iya lotsa ta da babban yatsa. Idan ta hau kaifin dutse sai ta lanƙwashe ta rungume shi, kamar yadda tafin raƙumi ke bajewa a rairayi. Rabin sirrin hawan nan a nan yake. Shi ya sa masu wasan ba sa rabuwa da ƙaramin ma'aunin iska a aljihu, kuma ƙarin ɗigo ɗaya ko ragin ɗaya suna jin sa a ƙafa. 'Yan kabu-kabun da ke shiga ƙauyukan Daura da Mai'aduwa sun san wani yanki na wannan ilimi ba tare da an koya musu ba, don da yawansu kan rage iska in za su shiga yashi. Bambancin kawai, su suna baza ƙafafu biyu suna sharar ƙasa har su fita, wanda a lissafin tirayal uku ne cif.

Sai kuloci. A babur ɗinmu na yau da kullum ana kama shi ne don a sa giya. A tirayal yatsa ɗaya na kansa koyaushe, shi ke auna ƙarfin da zai isa taya, ɗayan hannun kuma yatsa ɗaya na kan birki. A gefen injin, wurin maganeto, akwai faifan ƙarfe da aka yi shi da nauyi da gangan. Aikinsa biyu: yana hana injin mutuwa idan ana tafiyar hawainiya, kuma yana tara ƙarfi. Tsallen da muka gani a bidiyo ga yadda yake. Mahayi ya kama kuloci, ya murɗa totur har faifan ya ɗauki gudu, ya durƙusa ya danne shokozoba, sannan ya saki kuloci daidai lokacin da yake miƙewa. Ƙarfin faifan, da dawowar shokozoba, da tsallen ƙafafunsa, su haɗu a daƙiƙa guda. In ɗaya ya riga ɗaya, sai dai a taimaka a ɗaga shi. Don haka ne a manyan gasanni ake barin mataimaki ya tsaya a saman dutse ya cafke babur in abu ya ɓaci, kuma ake ɗaura wa mahayi igiya a wuyan hannu mai maganaɗisu a baki, yana faɗuwa ta fizge, injin ya mutu.

Saitin irin wannan injin ba na neman gudu ba ne. Ana so ya yi silo mai kyau, ya amsa da zarar an taɓa totur, ba tari ba shaƙewa. Bakanike na gane hakan daga fulogi: in bakinsa ya yi kalar shayi da madara, haɗin mai da iska ya daidaita, in ya yi baƙi da kunkunniya mai ya yi yawa, in ya yi fari fat mai ya yi kaɗan, kuma wannan ne mai cinye fistin. Zafi ma yana da hannu a ciki, don iska mai zafi ba ta da kauri, saitin kafiretar da ya dace da sanyin Ingila zai yi wa watan Afrilun Katsina mai da yawa. Baƙin man haɗi kaɗan ake sawa, da yawa kan yi kashi ɗaya cikin tamanin, wato wajen mililita 60 a lita biyar, kuma mai kyau, ba na awo a kwalba ba. Amma da za a kawo babur ɗin nan garin nan, abin da zai fara kashe shi ƙurar hunturu ce. Matatar iskarsa soso ce, ana wanke ta, ta bushe, a shafa mata mai, a mayar, kusan bayan kowace fita. Mu da muke shekara ba mu buɗe tamu ba, sai mu yi shiru.

Na lantarki kuma fa? A ganina babu wasan babur da lantarki ya dace da shi kamar wannan. Ba a tafiya mai nisa, ba a gudu, saboda haka ƙaramin batir ya wadatar. Injin lantarki yana ba da ƙarfinsa tun daga tsaye, ba ya mutuwa a tsakiyar sashe, ba kik, ba fulogi, ba kafireta, yawanci ma ba giya. Hukumar wasannin babur ta duniya, FIM, ta buɗe wa masu lantarki gasarsu a 2017. Kamfanin Electric Motion na Faransa ya yi suna a na manya, OSET na Birtaniya a na yara, wanda uba ke iya rage masa gudu da ƙarfi da 'yan maɓallai kafin ya miƙa wa ɗansa. Abin dariyar shi ne, da aka cire kuloci gwanaye sai suka ce a dawo musu da abinsu, don ba su da inda za su tara ƙarfin tsalle. Haka aka yi. Yamaha ta fito da TY-E a 2018 da kuloci da faifai, Electric Motion ma ta sa su a baburanta na gasa, har da saitin da ke sa injin lantarkin ya riƙa juyawa a hankali kamar injin fetur da ke silo.

Kula da shi ya fi sauƙi, amma batirin ba ya son abin da muke da shi da yawa, wato rana. Ba a barin sa a tsakar gida da azahar, ba a jona shi a caji yana da zafi daga dawowa, ba a ajiye shi wata da watanni a cike maƙil ko a ƙare ƙarƙaf, kuma ba a kai shi wurin wankin mota a harba masa ruwa a wayoyi. Cen da birki da taya kuwa suna nan yadda suke, su ba ruwansu da ko fetur ne ko wuta. Akwai kuma hatsarin da mai fetur ba shi da shi: yana kunne shiru, yaro ya zo ya murɗa hannu, babur ya tafi ya bar shi. Wannan ya shafi har ƙananan baburan cajin da suka fara yawa a titunanmu tun da fetur ya yi tsada a 2023.

Duwatsu dai muna da su, wanda ya bi ta Dutsin-Ma ko Batsari ya gani. Sai dai kuɗin babur ɗin tirayal guda ya sayi Boxer da dama, ba ya ɗaukar fasinja ko buhu, kuma a halin da ake ciki ba mai hankalin da zai ɗauki babur ya nufi daji da sunan wasa. Abin da ake iya ɗauka a kyauta shi ne darasin farko, wanda ko su can a fili suke fara shi: a ajiye duwatsu biyu, a riƙa zagaya su ana zana lamba takwas, a giya ta ɗaya, a hankali iyakar iyawa, ido na kallon inda za a je maimakon tayar gaba. Ko a keke ana yi.

Kafin a gama ɗaure mini cen, ɗan yayata ya riga ya ajiye galan biyu a filin gaban rumfar, ya ari Boxer ɗin wani ya miƙe a kan mataki. Zagayen farko ya sa ƙafa sau biyu. A na biyu ya saki kuloci gaba ɗaya, injin ya mutu, ya dafe ƙasa yana dariya. Maigidan bai ce komai ba, ya ɗaga masa yatsu biyar, sannan ya ce ya zo ya miƙo sifana.