Madda da Sura: Me Ke Saura Idan An Narkar da Tukunya?

Mai karatun tauhidi a zaure a Tudun Wada da ɗalibin da ya gamu da falsafar Girka a aji, kalmomi guda ne ke yi musu cikas: madda, sura, hayula, jauhari, arali. Dukansu an ƙirƙire su ne don amsa tambaya ɗaya: idan abu ya canza, me ya tafi, me ya saura?

Me ake nufi da madda da sura?

A je kasuwar Panteka, wajen masu zubin tukwane. Mai zubi yana tara fasassun tukwane da gwangwanaye da tsofaffin kayan inji, ya zuba a kan gawayi ana hura iska. Alminiyom, wanda mutane ke ce wa dalma ko da yake dalmar asali wani ƙarfe ne daban, yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas. In ya narke sai a kwashe dattin da ya taso sama. Kafin nan an danna tukunyar samfuri cikin yashi mai ɗan danshi, ciki da waje, an zare ta, ta bar gurbinta. A kwarara ruwan ƙarfen a gurbin, ya huce, a fasa yashin.

Ƙarfen da ya kasance gwangwani jiya, yau tukunya, shi ne madda. Tsarin da ya sa ake iya dafa tuwo a cikinsa shi ne sura. Aristo, masanin falsafar Girka wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce kowane canji yana bukatar abu uku: abin da ke saura, surar da ake samu, da rashin wannan surar tun farko. Da wannan ya amsa wa Farminidas, wani masanin Girka da ya riga shi, wanda ya ce canji ba ya yiwuwa domin abu ba ya fitowa daga babu. A wurin Aristo tukunya ta fito ne daga ƙarfen da ke da damar zama tukunya. Malaman falsafa masu rubutu da Larabci suka kira wannan dama "bil-ƙuwwa", cikarta kuma "bil-fi'ili".

Madda tana da nata sharaɗi. In yashin ya jiƙe da yawa, ruwan ya zama tururi, tukunyar ta fito da ramuka, ko ma ƙarfen ya fantsamo wa mai zubi. In ƙarfen bai ji wuta sosai ba, sai ya daskare kafin ya cika gurbin, a sami tukunya mai giɓi. Ba kowace madda ke karɓar kowace sura ba, kuma ko wadda ta dace sai an shirya ta.

To ai sura ita ce kamannin abu na waje, ko ba haka ba?

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma misalin tukunya na taimaka wa kuskuren. Zagayen tukunya siffa ce da ta hau kan ƙarfe, shi kuwa ƙarfen bai daina zama alminiyom ba. Wannan canjin siffa ne. Akwai canji mai zurfi, na zati, inda abin kansa ke gushewa wani ya maye gurbinsa, kamar itace ya zama toka ko tuwo ya zama jini da tsoka.

Yumɓu ya fi nuna bambancin. Tukunyar da aka gina aka shanya a rana, ko ta yi wata guda, in aka tsoma ta a ruwa sai ta koma laka. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ne kawai ya fita. In aka gasa ta, tsakanin digiri 450 da 600, ruwan da ke ɗaure cikin ginin ma'adinin kansa yana fita, kimanin kashi 14 cikin ɗari na nauyin tsantsar farin yumɓu, kuma ba ya komawa. Daga nan ko a niƙa fasasshiyar tukunyar a jiƙa, ba za ta ginu ba. A ido tukunyar ɗaya ce kafin gashi da bayansa, ɗabi'arta ce ta sauya. Shi ya sa ake gane sura ta wurin aikin abu. Aristo ya ce idon da ba ya gani ido ne a suna kawai, kamar na gunki, kuma da haka ya kai ga cewa rai shi ne surar jiki mai rai.

Malaminsa Aflaton ya ɗauka surori suna da zaman kansu a wata duniya, abubuwan nan kwaikwayonsu ne. Aristo ya ƙi. A wurinsa surar doki tana cikin dawakai.

Hayula fa, ita ce madda?

Asalin kalmar Girkanci ne, tana nufin itace ko katako, Larabawa suka ara. Madda hawa-hawa ce: bulo madda ne ga katanga, siminti da yashi madda ne ga bulo, farar ƙasa madda ce ga siminti. A kowane mataki abin da aka kira madda yana da tasa surar. Hayula ta farko ita ce ƙarshen tsanin, mai karɓar kowace sura alhali ita ba ta da ko ɗaya. Saboda haka ba mai iya ɗibarta a hannu ko ya auna ta a sikeli. Hankali ne ke kaiwa gare ta, kuma masu wannan ra'ayi sun ce ba ta taɓa kasancewa ba tare da sura ba.

Hujjar Ibn Sina (980 zuwa 1037) ta fi shahara. Ɗauki ruwa bokiti ɗaya, a haɗe yake. Raba shi kwano biyu. Me ya karɓi rabuwar? Haɗuwar ba za ta zama mai karɓa ba, domin da zuwan rabuwa ta gushe, kuma mai karɓar abu dole ya kasance yana nan lokacin da ya karɓa. Ashe akwai wani abu da ke ɗaukar haɗuwa ya kuma ɗauki rabuwa, wanda shi a kan kansa ba ko ɗaya ba ne. Shi ne hayula.

Maganar ta iso ƙasar nan tuntuni. Abdulƙadir ɗan Tafa (1804 zuwa 1864), jikan Shehu Usmanu ta wajen uwa, ya yi rubutu a kan falsafa har ya taɓo hayula.

Ina dalilai huɗu suka shigo?

Aristo ya ce ana bayanin samuwar abu ne da dalilai huɗu. Biyu daga ciki mun gama da su, madda da sura. Na uku mai aikatawa, wato mai zubi. Na huɗu manufa, wato girki. Manufa ce ke yanke kaurin gindin tukunya da faɗin bakinta, don haka ita ce farko a tunanin mai zubi, ƙarshe a aikinsa.

Me ya sa littattafan tauhidi suke cewa jirmi da arali, ba madda da sura ba?

Domin mafi yawan malaman kalamu, wato masu kafa hujjojin tauhidi da hankali, wata hanya suka bi. A wurinsu jiki, wato jirmi, tarin ƙwayoyi ne da ba sa rabuwa, kowace ana ce mata jauhari ɗaya tilo. Ƙwayoyin iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta gishiri da sukari shi ne aralai, wato siffofin da suka hau su: launi, ɗanɗano, zafi, motsi, tsayuwa, haɗuwa, rabuwa. Abul Huzail na Mu'utazila yana cikin na farko da suka tsara wannan, Ash'arawa irin su Baƙillani (ya rasu 1013) suka ƙarfafa shi, suka ƙara da cewa arali ba ya wanzuwa lokaci biyu, Allah ne ke sabunta shi kowane lokaci. Dimukuradis na Girka ya riga su maganar ƙwayoyi, sai dai nasa ba su da farko, na malaman kalamu kuwa halittattu ne.

A kan wannan aka gina hujjar da almajiri ke haddacewa a Ummul Barahin ta Shehu Sanusi na Tilimsan (ya rasu 1490): jirmi ba ya rabuwa da aralai kamar motsi da tsayuwa, aralai fararru ne domin ana ganin canzawarsu, abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne.

Gardamar ɓangarorin tana da daɗi. Masu ƙwayoyi suka ce in ana iya raba jiki ba iyaka, to ƙwayar gero da dutsen Kufena yawan yankinsu ɗaya ke nan, me ya sa ɗaya ya fi girma? Su Ibn Sina suka ce rabuwar bil-ƙuwwa ce, ba a riga an yi ta ba. Sannan suka mayar da martani: jera ƙwayoyi uku. In ta tsakiya ta hana na gefe taɓa juna, tana da ɓangaren dama da na hagu, mai ɓangare biyu kuwa yana rabuwa. In ba ta hana ba, sun shige cikin juna, kuma ko dubu aka tara ba za a sami tsawo ba. Suka ƙara da dutsen niƙa, wanda tayar keke za ta iya tsaya masa: idan bakin tayar ya matsa ƙwaya ɗaya, wurin da ke kusa da tsakiya ya matsa ƙasa da haka, ga ƙwaya ta rabu. Wasu masu ƙwayoyi suka amsa cewa sassan ciki suna ɗan tsayawa yayin da na waje ke tafiya, wato tayar tana warwarewa tana haɗuwa ba a gani. Amsar nan tana da nauyi a hankali, kuma abokan gardama ba su bar ta ta huta ba.

Wuta ce ke ƙona auduga ko a'a?

Wannan mas'ala ta 17 ce a Tahafutul Falasifa na Imam Gazali (1058 zuwa 1111). Ga mai bin Aristo, ƙonawa daga surar wuta take fitowa, in auduga busasshiya ta haɗu da ita dole ta ci. Gazali ya ce ido yana ganin ƙuna a lokacin haɗuwa, bai ga cewa wutar ce ta yi ba. Allah ne ya gudanar da al'ada a haka, kuma yana iya keta ta, kamar wutar Annabi Ibrahim (AS). Ibn Rushdi (1126 zuwa 1198) ya amsa cewa da ayyukansu ake sanin abubuwa, in aka cire ƙonawa daga wuta sunanta ma ya faɗi, ilimi ya bi shi.

A aikace ba su saɓa ba. Dukansu za su hana ka ajiye man fetur kusa da murhu. Saɓanin yana kan ko haɗin sababi da sakamako hukuncin hankali ne ko na al'ada.

Wanda ya yarda da madda da sura, dole ya ce duniya ba ta da farko?

A'a. Gaskiya ne Aristo ya faɗi haka, kuma wannan ra'ayi yana cikin abubuwa uku da Gazali ya fi tsanantawa a kansu. Amma Kindi, masanin falsafa Musulmi na ƙarni na 9, ya yi aiki da madda da sura, ya kuma kafa hujja cewa duniya fararriya ce.

Kimiyyar zamani ba ta raba gardamar ba? Ai an gano ƙwayar zarra.

An gano, amma ba ita ce jauharin malaman kalamu ba, domin tana rabuwa. Dalton, masanin sinadarai na Ingila, ya fitar da ra'ayinsa na ƙwayoyi a 1808 yana ɗauka ba sa fasuwa. Tomson ya gano ilaktiron a 1897, Radafod ya nuna a 1911 cewa akwai cibiya a tsaka, Cadwik ya gano niyutiron a 1932, dukansu ɓangarori ne na cikin ƙwayar. Cibiyar tana ɗauke da fiye da kashi 99.9 cikin ɗari na nauyin ƙwayar, alhali faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na faɗin ƙwayar ba.

Abin da ya faɗi ƙasa warwas shi ne asalai huɗu, wuta da iska da ruwa da ƙasa, waɗanda Aristo da Ibn Sina suka yi aiki da su. Yau teburin sinadarai yana da 118, kuma ruwa kansa haɗi ne, haidirojin biyu da oksijin ɗaya. Tun zamanin Labuwaziye, masanin sinadarai na Faransa, a 1789, aka tabbatar nauyi ba ya ɓacewa a canjin sinadarai. Itacen da ya ƙone ya bar ɗan toka, sauran ya haɗu da oksijin ya tashi a matsayin iskar kabon da tururi da hayaƙi. Wannan ya ba "abin da ke saura" ma'auni, abin da hayula ba ta da shi.

Tambayar sura kuwa tana nan da ranta. Lu'ulu'un daimon da girafait, baƙin ma'adinin da ke cikin bakin fensir, duka kabon ne zalla. A daimon kowace ƙwaya tana riƙe da huɗu ta kowane gefe, shi ya sa yake yanka gilashi. A girafait tana riƙe da uku a shimfiɗe, falle a kan falle, shi ya sa yake gogewa a takarda. Haka sinadarin itanol da wani mai suna daimetil ita (dimethyl ether): kowanne kabon biyu, haidirojin shida, oksijin ɗaya. Na farko ruwa ne mai tafasa a digiri 78, na biyu iska ce da ba ta zama ruwa sai a wajen digiri 24 ƙasa da sifiri. Lissafin kayan haɗi bai isa ya gaya maka mene ne abu ba sai ka san jerinsu. Ko wannan jeri shi ne ainihin abin da Aristo ke nufi da sura, masana falsafa na gardama har yau, kuma awon ɗakin gwaji ba zai yanke ta ba, domin ɓangarorin biyu sun yarda da awon.

In aka narkar da tukunya aka sake zuba ta a gurbi irin na da, ita ce ta da?

Ga mai bin Dimukuradis, ƙwayoyin ne suka dawo jeri irin na da, don haka yana iya cewa ita ce. Ga Ba'ash'are, aralan da ke kanta ko ba a narkar ba ana sabunta su kowane lokaci, jauharan ne ke riƙe da suna. Ga Ibn Sina, wadda ta gushe ta gushe, abin da ya ɓace ba ya dawowa shi da kansa, wannan 'yar'uwarta ce a iri. Mai zubi zai ƙara wani abu: kowane narkarwa yana cin ƙarfe, domin saman ruwan yana haɗuwa da iska ya zama dattin da ake kwashewa. Sai ya jefa gwangwanaye a ciki kafin gurbin ya cika.