Bhavana: horon zuci a addinin Buddha

Bhavana ita ce kalmar da tsofaffin littattafan addinin Buddha suke amfani da ita ga dabarun horar da zuciya. A harshen Pali, tsohon harshen Indiya da aka adana waɗannan littattafai da shi, tana nufin raya abu da renonsa har ya kawo ƙarfi, kamar yadda manomi ke kula da shuka. Ta ƙunshi zama a natse ana bin numfashi, da lura da abin da ke gudana a jiki da zuci, da shuka fatan alheri da tausayi ga duk mai rai. A tsohuwar koyarwar, wannan horo ba ibada ba ce da ake fuskantar Mahalicci da ita. Manufarsa kawar da kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu, abubuwa uku da mabiya ke ɗauka su ne tushen wahala, har a kai ga matsayin da suke kira nibbana.

Asali

An haifi Siddhattha Gotama, wanda aka fi sani da Buddha, a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau. Lokacin rayuwarsa ba a daidaita a kai ba: lissafin Siri Lanka da Bama (Myanmar ta yau) ya sa rasuwarsa a 544 kafin Miladiyya, malaman Turai na da suka ce 483, da yawa daga masu bincike na baya-bayan nan kuma suna ganin wajen 400 ya fi kusa. Ruwayoyi sun ce ya bar gida yana ɗan shekara 29, ya yi karatu wurin Alara Kalama da Uddaka Ramaputta, waɗanda suka koya masa matakan natsuwa masu zurfi. Wannan yana nuna cewa irin wannan zama ya girmi addinin nasa a arewacin Indiya. Bayan shekara shida na azabtar da jiki da yunwa, sai ya watsar da wannan hanya, ya zauna a gindin wata bishiya a wurin da ake kira Bodh Gaya a jihar Bihar, inda mabiyansa suka yi imani ya samu farkawa yana da shekara 35.

An riƙa adana koyarwarsa da hadda har zuwa ƙarni na 1 kafin Miladiyya, lokacin da aka rubuta ta a kan ganyen kaba a Siri Lanka.

Sati

Sati, kalmar Pali ta lura da kula, na daga cikin rukunai takwas na hanyar Buddha. Asalin ma'anarta tunawa, wato kada mutum ya manta da abin da ya sa a gaba. Babban nassinta shi ne Satipatthana Sutta, huɗuba ta 10 a kundin Majjhima Nikaya, wadda ta kafa lura a kan abubuwa huɗu: jiki, da abin da ake ji na daɗi ko zafi ko tsaka-tsaki, da halin da zuciya ke ciki, da abubuwan da koyarwar ta rarrabe. Mai horo zai nemi daji ko gindin bishiya ko ɗakin da ba kowa, ya harɗe ƙafafu, ya miƙe baya. In ya ja dogon numfashi ya san dogo ne, in gajere ne ya san gajere ne. Daga nan lurar ta bi shi cikin tafiya da tsayuwa da cin abinci, har da shiga bayan gida. Huɗubar ta kuma ƙunshi tunani a kan sassan jiki da kan gawa a matakan ruɓewarta, ɓangaren da masu koyarwa na zamani kan tsallake.

Abubuwa biyar ne aka ce suna tare hanya: sha'awa, ƙullin zuci, kasala da gyangyaɗi, rashin sukuni da nadama, sai kokwanto.

Natsuwa da basira

Makarantar Theravada, wadda ake bi a Siri Lanka da Bama da Tailan, ta raba horon gida biyu. Samatha ita ce tattara hankali a kan abu guda har a shiga matakai huɗu na nitso da ake kira jhana. Vipassana kuwa ita ce ganin abubuwa yadda suke: ba sa dawwama, ba sa gamsarwa, kuma babu wani “ni” tsayayye a cikinsu. Daga kalmar jhana, ta siffarta ta Sanskrit dhyana, aka samu sunayen makarantun Chan a ƙasar Sin da Zen a Japan.

Buddhaghosa da babin fatan alheri

A ƙarni na 5 Miladiyya wani ɗan zuhudu mai suna Buddhaghosa, wanda ruwaya ta ce daga Indiya ya zo, ya zauna a gidan zuhudu na Mahavihara a Anuradhapura ta Siri Lanka, ya rubuta Visuddhimagga, wato hanyar tsarkaka. Littafin ya gina komai a kan hawa uku, ɗa'a da natsuwa da hikima, ya kuma jera abubuwa 40 da za a iya tattara hankali a kansu: goma na kallon abu kamar ƙasa ko ruwa ko launi, goma na gawa, goma na tunawa, huɗu marasa siffa, ɗaya na ƙyamar abinci, ɗaya na rarrabe sinadaran jiki, da huɗu da ake kira brahmavihara. Malami ne zai duba halin almajiri ya zaɓa masa. Mai yawan sha'awa a ba shi gawa, mai saurin fushi a ba shi fatan alheri.

Brahmavihara huɗun su ne metta, fatan alheri. Karuna, tausayin mai wahala. Mudita, jin daɗin alherin da ya sami wani. Da upekkha, daidaiton zuci. Babi na 9 da ya yi bayaninsu yana cikin mafi kyawun abin da aka rubuta a wannan fanni, domin marubucin ya san halin ɗan Adam. Ya ce kada a fara da maƙiyi, don zuciya za ta gaji. Kada a fara da wanda ake matuƙar so, don ko ƙaramar cuta ta same shi sai hawaye. Kada a keɓe wanda ba jinsi ɗaya ba, don sha'awa na iya shigowa da rigar alheri. Mamaci kuwa kada a ɗauke shi ko kaɗan. Da kai za a fara, ana maimaita fatan samun lafiya da kuɓuta daga ƙunci, don mutum ya zama shaida cewa yadda yake gudun wahala haka kowa ke gudunta. Sannan malami ko wanda ake girmamawa, sai amini, sai wanda ba a damu da shi ba, daga ƙarshe maƙiyi.

A kan maƙiyin ne ya fi daɗewa. In fushi ya taso, a tuna wani hali mai kyau na mutumin, ko da ɗaya ne. In bai kwanta ba, a tuna cewa mai fushi kamar wanda ya ɗauki garwashi ne zai jefi wani, hannunsa ne zai fara ƙonewa. In har yanzu da saura, a tambayi kai: da me nake fushi, da gashin kansa, ko da farcensa, ko da ƙashinsa? In duk wannan bai yi ba, sai a ba shi kyauta, ko a karɓi tasa. Gwajin ƙarshe kuma shi ne a ɗauka mutum na zaune da amininsa da baƙo da maƙiyinsa, 'yan fashi suka zo suka ce a ba su ɗaya su kashe. Wanda ya nuna ɗaya daga cikin ukun bai isa ba. Wanda ya ce a ɗauke shi shi ma bai isa ba, don ya ware kansa. Sai wanda bai ga ko ɗaya da zai bayar ba a cikin huɗun.

Ya kuma ce kowanne yana da maƙiyi na nesa da na kusa. Na nesa ga tausayi shi ne mugunta, wadda kowa ke ganewa. Na kusa shi ne baƙin ciki, wanda ke kama da tausayi amma ya durƙusar da mai shi. Haka son kai da ke ɓuya cikin ƙauna yake ga metta, haka halin ko-in-kula yake ga upekkha. Tun kafin Buddhaghosa, huɗubar Metta Sutta ta kwatanta wannan zuciya da ta uwa mai kare ɗanta tilo da ranta. Har yau ana karanta ta a bukukuwa da gidaje a Siri Lanka da Bama da Tailan.

A Mahayana

Makarantun arewa, wato Mahayana da ta bazu a Tibet da Sin da Japan, sun mayar da tausayi ginshiƙi. Shantideva, malamin babbar makarantar Nalanda ta Indiya na ƙarni na 8, ya koyar da daidaita kai da wani sannan musanya su. Bayan malamin Indiya Atisha ya isa Tibet a 1042, wannan ya zama horon lojong, wanda a cikinsa ake yin tonglen: a shaƙi numfashi ana ƙiyasta ɗaukar wahalar wasu, a fitar ana ba su sauƙi. A ƙasar Sin, Zhiyi (538–597) ya tsara natsuwa da basira a matsayin aiki guda. A Japan, Dogen (1200–1253) ya koyar da zama zalla ba tare da neman cim ma komai ba.

Farfaɗowa a Bama

Tsawon ƙarnoni, zaman horo aikin 'yan zuhudu kaɗan ne. Galibinsu karatu da hadda suka fi yi, talakawa kuma sadaka da kiyaye dokoki biyar. Abin ya sauya bayan 1885, lokacin da Turawan Ingila suka ci Mandalay, birnin sarautar Bama, suka kai Sarki Thibaw gudun hijira Indiya. Sarki shi ne majiɓincin addini, kuma da ya tafi mutane suka ji tsoron koyarwar za ta shuɗe. Ledi Sayadaw (1846–1923) ya ga cewa jama'a ne za su riƙe ta. Ya rubuta littattafai cikin sauƙaƙan harshen Bama, ya zaga garuruwa yana wa'azi, ya kuma koyar da cewa magidanci na iya shiga vipassana da ɗan natsuwa ba sai ya kai jhana ba. Wannan fatawa ce ta buɗe ƙofar.

Almajirinsa Saya Thetgyi manomi ne, ba ɗan zuhudu ba. Shi ya koyar da U Ba Khin (1899–1971), babban akanta na farko na Bama bayan 'yancin kai, wanda ya buɗe cibiya a Rangoon a 1952. A wani reshen, an kawo Mahasi Sayadaw (1904–1982) Rangoon a 1949 da goyon bayan Firayim Minista U Nu. Hanyarsa ita ce bin tashi da saukar ciki ana sa wa kowane motsi suna a zuci. Shi ne mai gabatar da tambayoyi a babban taron tace nassosi karo na shida, daga 1954 zuwa 1956, wanda aka rufe daidai da cikar shekara 2500 da rasuwar Buddha a lissafinsu.

S. N. Goenka (1924–2013), ɗan kasuwa ɗan asalin Indiya haifaffen Mandalay, ciwon kai mai tsanani ne ya kai shi wurin U Ba Khin. A 1969 ya koma Indiya, a 1976 ya buɗe cibiyar Dhamma Giri a garin Igatpuri. Tsarinsa halwar kwana goma ce ba magana, ana tashi ƙarfe huɗu na asuba, ba a karɓar kuɗin shiga. Kwanakin farko na numfashi ne, sauran na bin sassan jiki, ranar ƙarshe ta metta. A 1994 an yi wa fursunoni kusan dubu irin wannan zama a kurkukun Tihar na Delhi, lokacin da Kiran Bedi ke shugabantarsa.

A Tailan, Ajahn Mun (1870–1949) da Ajahn Chah (1918–1992) sun raya zaman daji.

A yau

A 1979 Jon Kabat-Zinn ya fara wani shiri na mako takwas don rage damuwa a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka, ya cire masa kalmomin addini. Daga nan sati ta shiga asibitoci da makarantu da manhajojin waya. Horon tausayi bai bazu kamar ta ba.

Saɓani

Malamai sun saɓa kan ko jhana wajibi ce kafin basira. Wasu mabiya na sukar raba sati da ɗa'a da aƙida. Masu bincike sun kuma rubuta cewa doguwar halwa kan jawo wa wasu firgici ko rikicewar tunani.